Mob Museum a Las Vegas: wurin da ya biya ni kuɗin tafiyata

Taron masana binciken ƙwaƙwaf ne ya kai ni Las Vegas, kwana huɗu muna zaune a zauren otal ana gabatar da takardu kan DNA da zanen yatsa, kuma gaskiya garin bai kwanta mini ba da farko, don otal ɗin da na sauka ba ka isa lifta sai ka ratsa ta cikin injinan caca da hayaƙin sigari, kullum idona ja. Rana ta uku wani abokin aiki ya ce mu tsallake zaman yamma mu je Mob Museum, gidan tarihin 'yan daban Amurka, na bi shi ba don ina so ba. Ashe nan abin yake.

Ginin kansa tsohuwar kotun tarayya ce da gidan waya na 1933, a titin Stewart kusa da Fremont, an mai da shi gidan tarihi a 2012. A ɗakin kotun da ke sama kwamitin Sanata Kefauver ya zauna a 1950 yana bincikar ƙungiyoyin 'yan daba, za ka zauna kan benci a nuna maka yadda aka yi.

Amma inda na daɗe shi ne gaban wani bango. Tubalan wani gareji ne na Chicago inda aka jera mutum bakwai na ɓangaren shugaban 'yan daba Bugs Moran aka buɗe musu wuta ranar 14 ga Fabrairu 1929, biyu daga cikin maharan sanye da kayan 'yan sanda, shi ya sa mutanen gari suka fara zargin 'yan sandan da kansu. Masanin binciken harsasai Calvin Goddard ne ya ɗauki harsasan ya sa a madubin da ke haɗa harsashi biyu gefe da gefe, ya nuna ba daga bindigogin 'yan sanda suka fito ba, daga baya da aka samu bindigogi ƙirar Thompson guda biyu a gidan wani ɗan daba Fred Burke a Michigan ya gwada, zanen da ke jikin harsasan ya yi daidai. Wallahi na tsaya ina kallon ramukan da ke jikin tubalin tsigar jikina na tashi, aikin da muke yi kullum a ɗakin gwaji kenan, ga mafarinsa a gabana ina iya ƙirga tubalan.

Akwai sashen Crime Lab da ake ƙara kuɗi a kan tikiti, a ba ka ka gwada zanen yatsa da harsashi da gano musabbabin mutuwa. Ga wanda sana'arsa ce abin zai yi maka sauƙi, amma na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha uku ba ta manna ido tana neman inda layukan yatsa suka rabu biyu, ta ƙi tashi har babanta ya gaji da kira, ma'aikaciyar wurin kuma ta tsaya tana mata bayani a tsanake ba gaggawa.

Ƙasan ginin mashaya ce irin ta zamanin haramta giya a Amurka, ni dai ban sauka ba kuma ba abin da ya rage ni. Ku ware awa uku aƙalla, mu awa biyu muka ba shi muka fito da gudu saboda liyafar rufe taro, rabin hawa na farko ban ma karanta ba.