Manhajar kamfanin injin ko na'ura mai karanta motoci iri-iri: wacce ta dace da garejin manyan motoci?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka sayi na'urar da ke karanta manyan motoci iri-iri, ko kuwa ka tsaya ga manhajar kamfanin da ya ƙera injin, ganin cewa motocin dizal da ke shigowa garejinka ba iri ɗaya ba ne. Amsar ta rataya ne a kan irin aikin da kake so na'urar ta yi maka: karanta matsala kawai, ko kuma ba injin umarni da rubuta sabon bayani a ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa injin.

Wajen karatu, kusan kunnen doki suke. Yawancin manyan motocin yanzu suna aika bayanansu ta tsarin sadarwa na J1939, tsofaffi kuma ta J1708, saboda haka a motar J1939 duk na'ura mai inganci za ta nuna maka lambar matsala gida biyu, SPN da FMI; ta farko tana faɗin wurin, ta biyu tana faɗin irin lalacewar. SPN 110, alal misali, ta shafi zafin ruwan injin. Idan ta zo da FMI 0, injin ne ya ɗau zafi da gaske, amma idan ta zo da FMI 3, lantarkin layin sensa ne ya haura, wanda galibi yake nufin waya ta tsinke ko soket ya saki. Bakaniken da ya gane wannan ba zai kwance famfon ruwa a banza ba, ko da ƙaramar na'urar hannu ce gare shi. Sai dai yawancin waɗannan ƙananan na'urori iyakarsu ke nan: su karanta, su goge.

Inda suka rabu shi ne wajen umarni da rubutu. Manhajar kamfani, irin su INSITE ta Cummins, ET ta Caterpillar, DiagnosticLink ta Detroit, Premium Tech Tool ta Volvo da SDP3 ta Scania, ita ke shiga har can ciki: tana saka lambar sabuwar injekta domin ƙwaƙwalwa ta daidaita man da take fesawa, tana sauya iyakar gudu, tana kuma ɗora sabon tsarin aiki idan an canza ƙwaƙwalwar gaba ɗaya. Rauninta a bayyane yake, domin kowace ɗaya injin gidansu kaɗai ta sani, kuma akasari ana sabunta lasisinta duk shekara.

A ɗaya ɓangaren, wato na masu karanta motoci iri-iri, akwai JPRO ta Noregon daga Amurka, Jaltest ta Cojali daga Sifaniya da TEXA daga Italiya. Da jonawa ɗaya za su duba injin, giya da birki, su kashe silinda ɗaya bayan ɗaya don a gano wadda ba ta ƙona mai yadda ya kamata, su kuma tilasta ƙone kunkunniyar da ta taru a matatar hayaƙi ta DPF. Wannan ya rufe mafi yawan aikin yau da kullum. Amma ɗora sabon tsari a ƙwaƙwalwa yawanci sai da manhajar kamfani, kuma masu karanta motoci iri-irin sukan ɗan makara kafin su gane sabon samfurin mota. Ka lura kuma cewa JPRO ta fi karkata ga motocin Arewacin Amurka, alhali Jaltest da TEXA sun fi faɗi a kan na Turai.

Akwai abin da ake mantawa da shi wajen lissafi, wato akwatin da ke haɗa mota da kwamfuta. Akwatin Nexiq USB-Link yana bin RP1210, wato ƙa'idar da ke haɗa akwati da manhajoji daban-daban, don haka akwati ɗaya yana aiki da manhajojin injunan Amurka da dama, yayin da kamfanonin Turai sukan nemi nasu akwatin. Tun wajen 2016 kuma motoci da yawa a Amurka suka koma koren soket mai ƙafa 9 wajen jona akwatin, wanda tsohuwar baƙar waya ba ta shiga, alhali koriyar waya tana shiga duka biyun. Akwatin jabu kuwa ba na ba da shawararsa, musamman wajen rubutu, domin idan haɗin ya yanke ana tsakiyar ɗora tsari, ƙwaƙwalwar na iya daina amsawa gaba ɗaya.

A halin da kake ciki, ra'ayina shi ne ka fara da mai karanta motoci iri-iri, sannan ka ƙara lasisin kamfani ɗaya tak, na injin da ya fi zuwa maka. Kafin ka biya, ka nemi mai sayarwa ya jona ta a irin motar da kake gyarawa, ya kashe silinda ɗaya a gabanka injin yana aiki, ya kuma nuna maka ko na'urar tana karɓar lambar injekta a wannan samfurin.