Wata Takwas da Wayar Tarho Mai Faifai a Falona

A ƙarshen daminar bara ƙanena da ke aiki a Ingila ya zo hutu, kuma cikin tsarabar da ya kawo mini akwai wata tsohuwar wayar tarho mai faifai, irin wadda ake juya faifan da yatsa a buga lamba, ruwan hauren giwa, wadda ya saya a hannun wani dattijo da ya mayar da tara irin waɗannan wayoyi da gyara su abin yinsa tun da ya yi ritaya. Dattijon ya ba shi ita da sharaɗi guda, cewa kada a kulle ta a kabad mai gilashi tare da kwanukan ado, domin a gidansa ma duk wayoyin da ya tara suna haɗe da juna, da su yake kiran matarsa daga ɗakin aikinsa zuwa kicin. Na karɓi sharaɗin, na girke ta a falo, kuma yau wata takwas ke nan ita ce wayar gidanmu.

Samfurin da ake kira 746 ce, wanda Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta fito da shi a 1967 a matsayin gyararren samfurin 706 na 1959, kuma tambarin da ke ƙasanta ya nuna an ƙera ta a 1974. A wancan zamani ba a sayar wa mutum wayar, haya ake ba shi, hukumar ce mai ita, kuma ita za ta aiko ma'aikaci idan ta lalace. Ina ganin wannan ne ya sa aka yi ta yadda aka yi ta, domin wanda ya san shi zai biya kuɗin gyara ba ya son kayan da za su riƙa dawo masa. Nauyinta ya haura kilo ɗaya, ba ta zamewa a kan tebur idan ana juya faifan, kuma da sukundireba guda ake buɗe ta a ga komai a fili. Masu tara tsofaffin wayoyi sun fi daraja baƙaƙen da suka gabace ta, waɗanda aka yi da Bakelite, wata irin roba mai tauri, tun shekarun 1930, amma waɗancan suna tsagewa idan sun faɗi, ga tsada, saboda haka 746 ta fi dacewa da gidan da ke da yara.

Matsalar farko ita ce babu layin da zan jona ta. Waɗanda suka girma a Kaduna kafin zuwan wayar salula a 2001 suna tuna lambar 062 da wayoyin NITEL da ke bin turaku zuwa gidajen da suka yi sa'ar samun layi, amma a unguwarmu an daɗe da daina ganin wannan. Abin da ya cike gurbin wani ɗan akwati ne da bai kai girman sabulun wanki biyu ba, wanda ke haɗuwa da wayar salula ta Bluetooth, sannan ya yi wa tsohuwar wayar kwaikwayon ofishin haɗa kira. Shi ke ba ta lantarkin da take magana da shi, shi ke turo wanda ya fi ƙarfi domin kaɗa ƙararrawa, shi ke sa mutum ya ji ƙugin da ke nuna layi a buɗe yake, kuma shi ke ƙirga abin da faifai ya aiko ya miƙa wa salula. Na ware wata tsohuwar salula da layinta, na ajiye ta a bayan labule kusa da akwatin, ta zama layin gida. Wajibi ne mai saye ya tabbatar akwatin yana fahimtar bugun faifai, domin da yawa daga cikinsu sautin maɓalli kawai suke ji.

Satin farko ina kira yana fita, ana kira na in ɗaga in ji magana, amma ƙararrawa ba ta ko motsi. Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo, ya buɗe ta, ya daɗe yana bin wayoyin ciki da ido, sannan ya ce, “Alhaji, wannan lafiyarta ƙalau, hanyar wutar ƙararrawar ce aka karkatar.” Bayanin shi ne, tun da aka koma amfani da soket a Birtaniya a farkon shekarun 1980, ƙararrawa tana samun wutarta ta waya ta uku daga wata kafasita, wato ɗan abin da ke riƙe lantarki, da ke cikin soket ɗin bango, alhali akwatina waya biyu kaɗai yake fitarwa. Ya sauya mazaunin wasu 'yan ƙarafuna da ke haɗa kusoshin ciki domin kafasitar da ke jikin wayar ta koma bakin aikinta, bai ƙara mata komai daga waje ba, na kira ta daga aljihuna, sai ga shagon ya ɗauki ƙara har maƙwabcinsa mai ɗinki ya leƙo.

Ƙararrawar nan ita ce abin da ya fi komai daraja a jikinta, kuma da ita kaɗai aka ba ni da na gode. Ƙarfe biyu ne masu siffar ƙoƙo, muryoyinsu sun ɗan bambanta, da wata 'yar guduma a tsakani da maganaɗisu ke kaɗawa hagu da dama. Sautin yana da jiki, yana ratsa ƙofar falo ya isa tsakar gida har madafa, kuma bayan gudumar ta tsaya akwai wani amo da ke ci gaba da shawagi na ɗan lokaci, wanda babu lasifikar salula da na taɓa jin ta kwaikwaye shi daidai. Abin da na rasa shi ne bugu bibbiyu da aka san wayoyin Birtaniya da shi, domin tsarin bugun daga layi yake zuwa, wayar ba ta da ta cewa, kuma akwatin da na samu dogon bugu guda yake yi irin na Amurka. Ƙanena ya ce wannan kamar a sa wa Bature ɗan Landan hular kaboyi ne, ni kuwa ban damu ba, tunda a gidan nan babu wanda ya ƙara cewa bai ji kira ba saboda waya tana ƙarƙashin matashi.

Wajen buga lamba ne haƙurin mutum ke ƙarewa. Idan ka sa yatsa a rami ka juya faifan har ya tsaya a ƙarfen tokare, komawarsa ce ke aika lambar, ta hanyar katse layin da sake haɗa shi sau goma a daƙiƙa guda. Lamba 1 katsewa ɗaya ce, 9 tara ce, sifili kuwa goma ne cif. Lambobin salula na Najeriya guda 11 ne, duk da sifili suke farawa, sannan 7 ko 8 ko 9 ya biyo baya, wato daga manyan ramuka ake somawa. Na auna da agogo, kiran lambar ƙanwata yana cin kusan daƙiƙa ashirin, kuma idan yatsa ya kuɓuce a lamba ta tara, babu gogewa, sai an kife kan wayar an faro daga farko. Bayan haka akwatin yana ɗan jira ya tabbatar an gama kafin ya tura kiran. Babu alamar tauraro, babu ta tsani, saboda haka ko *310# na duba kuɗin waya ba ya yiwuwa, balle tura kuɗi ta lambar banki, kuma idan na'urar wani ofishi ta ce a danna 1 domin Hausa, sai dai mutum ya yi ta sauraro. Dole na sayi ɗan littafi na rubuta lambobin dangi na ajiye a gefenta, kuma cikin wata biyu na tarar na haddace guda bakwai, ni da a da ko ta uwargida sai na duba.

Murya tana fita sosai a kunne, kuma kan wayar yana zama tsakanin kafaɗa da kunci ba tare da wahala ba, ba ya kuma ɗaukar zafi ko an yi awa ana hira. Ɓangaren baki ne shekaru suka taɓa. Makirufon na garin gawayi ne, wanda murya ke matsawa ta sassauta, lantarkin da ke ratsa shi ya riƙa sauyawa daidai da ita, kuma bayan shekara hamsin garin yakan dunƙule. Mutane suka fara cewa suna ji na kamar daga cikin rijiya, tare da wani ƙas-ƙas kamar ana suya. Maganin da masu tara wayoyi suka sani shi ne a ɗan bubbuga kan wayar a tafin hannu garin ya warware, kuma yana aiki na kwana biyu ko uku. Daga baya ƙanena ya aiko da makirufo na zamani da aka yi daidai da ramin tsohon, na sauya cikin minti biyar, ƙorafin ya ƙare. Na adana tsohon a cikin ambulan, domin masu wannan sha'awa suna ganin wayar da aka raba da kayanta na asali ta rage daraja.

Hunturu ma ya gwada ta. A watan Janairu ƙura ta shiga bayan faifan, ya fara komawa a hankali kamar mai ciwon gwiwa, akwatin ya riƙa kuskuren ƙirga, har na kira wani bawan Allah a Gombe sau biyu ina neman surukina. Mai gyaran ya wanke 'yan ƙarafuna masu haƙora da ke bayan faifan, ya ɗiga man agogo kaɗan, ya gargaɗe ni da kada mai ya kusanci ɗan kofin da ke daidaita saurin komawar, tun daga nan kuma ake rufe ta da ƙyalle da dare.

Babban rauni a wannan haɗi yana wurin sabon akwatin. A tsarin asali wayar girke ba ta buƙatar wutar gida ko kaɗan, domin ofishin haɗa kira ne ke turo mata lantarki ta layin daga manyan baturansa, shi ya sa take aiki ko gari ya yi duhu. Yanzu da zarar an ɗauke wuta akwatin ya mutu, wayar ta zama dutse, kuma idan wutar ta dawo ba kullum yake sake gane salular ba sai an kashe an kunna. Sai da na ja masa waya daga batirin sola kafin na samu natsuwa. Cikin wata takwas, in aka cire ƙura da makirufo, duk ranar da aka ce waya ba ta aiki, laifin na akwatin da bai shekara ba ne, ita kuwa 'yar 1974 tana zaune tana jira.

Wadda ta fi kowa morar ta ita ce mahaifiyata, da ke zaune tare da mu, wadda ta daɗe tana fama da shafa gilashin salula tana katse kira a maimakon ɗagawa. A nan babu abin koyo, ta ɗaga ta yi sallama, ta kife idan ta gama. Kiran ma ya sauya hali, domin wanda ya bugo layin gida, gidan ya kira, duk wanda ke kusa shi zai ɗauka, sai a gaisa da Hajiya, a tambayi yara, kafin a ce a ba ni. Jikokinta da a da ba su san muryar kawunnansu ba yanzu suna rige-rigen ɗagawa. Sai dai wayar ba ta nuna mai kira, kuma wannan yana da daɗi ranar da tsohon aboki ne, ranar da kuwa mai bin bashi ne ko masu tallar da ba a gayyata ba, ka riga ka yi sallama, babu hanyar zillewa. Igiyarta ma ba ta wuce taku biyu, saboda haka duk maganar da za a yi a gaban jama'ar falo za a yi ta, abin da babbar 'yata ta gane tun ranar farko ta koma salularta.

Masu wannan sha'awa a Birtaniya suna gab da shiga halin da muka daɗe a ciki, tunda kamfanin sadarwa na BT ya sa watan Janairun 2027 a matsayin lokacin rufe tsohon tsarin layukan girke a koma na intanet, kuma su ma sai da irin wannan akwati wayoyinsu za su ci gaba da ƙara. Ga wanda yake son wayar karɓar kira a gida, musamman inda akwai tsoho ko mai raunin ido, kuma yana da wutar da ba ta yankewa da mai gyara da ke da haƙurin bin tsofaffin wayoyi, ina ba da shawarar 746 ba tare da jinkiri ba. Wanda yawancin harkarsa ta kira ce da tura kuɗi zai gaji da ita kafin sati ya zagayo. Ni dai na riga na roƙi ƙanena ya nemo mini ta biyu, ja idan an samu, domin ɗakin Hajiya, kuma mai gyaran ya ce akwatin zai iya kaɗa ƙararrawa biyu muddin aka sa wa kowacce abin rage jan wuta.