Na gwada ƴar sikana OBD2 a tsohuwar Highlander ɗina, ga abinda na gani

Motata Highlander ce 2003, mai injin V6 lita 3.0, ƴar Kwatano ce amma daga Amurka ta fito asali. Shekara shida muna tare bata taɓa bani wata wahala ta a zo a gani ba sai bayan ƙaramar sallar da ta wuce. Ina hanyar Zariya da iyali, mun ɗan wuce Kwanar Dangora nazo zan wuce wata tirela, na taka totur har ƙasa amma mota sai ƙugi kawai take kamar ana riƙe da ita ta baya, ga wata motar ta taho gabana, dole na koma bayan tirelar gabana na faɗuwa. Uwargida tace Abban yara lafiya kuwa, nace mata lafiya lau amma wallahi ni na san ba lafiya ba. Daga ranar mota ta daina shiga giyar ƙarshe, ina gudun 100 allurar injin tana wajen 3,500 alhali da can bata wuce 2,500, ga shan mai kamar tankin ya huje.

Toh daga nan aka fara ƴar canke. Bakaniken farko yace filogi ne, muka canza guda shida, kuma duk mai wannan motar ya san ukun baya basa fita da sauƙi. Babu canji. Yace to fiyul famfo ne ya gaji, muka saka wani. Babu canji. Aka wanke nozul, aka wanke totur, aka canza matatar iska. Wani kuma yana jin ƙarar motar yace Alhaji giyarka ta tafi sai dai a sauke a saka wata. Na ukun shi cewa yayi indomin salansa, wato matatar hayaƙin da ke cikinta, ne ya toshe a bari ya fasa ya zazzage. Allah ya taimake ni na ƙi, dan na san abin nan yana da kuɗi a kasuwa kuma in an zazzage shi ba ya dawowa. Ni ban ce wani cikinsu yayi niyyar cuta ta ba, duk abubuwan da suka lissafa suna iya kashe ƙarfin mota da gaske, abinda ya ƙona min rai shine babu wanda ya auna komai kafin yace a siyo. Ko famfon ma da aka cire ba a saka masa geji ba, alhali injin nan ƙarfin turin mansa sananne ne, tsakanin 44 zuwa 50 psi, minti goma ya isa a gane ko yana da lafiya.

Ƙanina ne da ya zo hutu daga makaranta yace Yaya me zai hana ka sayi sikana taka ta kanka, wato na'urar da ke karanto matsalar mota. Da farko na ɗauka irin babbar kwamfutar nan ce ta masu gareji mai tsadar gaske, ashe wata ƴar aba ce shuɗiya bata fi akwatin ashana ba, an rubuta ELM327 a jikinta, kuɗinta ko rabin tankin mai bai kai ba. Ana soka ta a wani soket mai baki 16, wanda ake kira OBD2, da ke ƙarƙashin sitiyari, ta gefen gwiwarka ta hagu, sai ta haɗu da waya ta Bluetooth, lambar haɗawar 1234 ce a tawa. Duk ƙaramar motar da aka siyar a Amurka daga 1996 zuwa sama dole tana da soket ɗin nan, shi yasa yawancin ƴan Kwatanon namu suke da shi. Manhajar da na sauke Torque Lite ce, kyauta.

Abu na farko da ya bani mamaki tun kafin ma na karanta komai. Ƙanin nawa yace in murɗa makulli kar in tada injin, fitilun dashbod duk suka kawo, na mai, na batir, na birki, amma banda fitilar cek injin. Shekara shida ina tuƙa mota ina jin daɗi wai bata taɓa kunna min wuta ba, ashe ƙwan ne babu, wani ya cire tun kafin ta zo hannuna. Dan Allah duk mai shirin siyan tsohuwar mota ya duba wannan, daƙiƙa biyar ce, in ka murɗa makulli fitilar bata kawo ba to akwai magana.

Muka danna karanta matsala, ta ɗan jima tana juyi sannan ta fito da lamba ɗaya tal, P0330. Ma'anarta layin nok senso na biyu ya samu matsala. Ni ban taɓa jin sunan abin ba sai ranar. Wani ɗan ƙarfe ne da ake ɗaure shi a jikin injin yana aiki kamar kunne, yana sauraren irin ƙwanƙwasar nan da injin ke yi in mai ya kama wuta ba a kan ƙa'ida ba, sai ya gaya wa birenbos, wato kwamfutar motar, ya ɗan ja lokacin wutar baya. Injin nan guda biyu gare shi, kowane ɓari da nasa. To in birenbos ya daina jin ɗaya daga ciki sai ya ɗauka mafi muni, ya ja wutar filogi baya gaba ɗaya dan kar fistin ya lalace, kuma ya hana motar shiga giya ta huɗu. Kun ga rashin ƙarfi, ƙugi da shan mai duk daga wuri ɗaya suka fito, giyar da aka ce in sauke lafiyarta ƙalau.

Dan in tabbatar sai na goge lambar da wayata muka fita titi. Wallahi kamar an canza min mota, ta tashi da sauƙi ta shige giya ta huɗu sumul. Ba mu yi nisa ba na ɗan taka da ƙarfi allura ta haura 2,000 ta jima a can, sai naji ta sake yin nauyi a ƙafata, muka tsaya muka duba lambar ta dawo. Sau uku muna maimaitawa sau uku tana dawowa. A nan hankalina ya kwanta dan yanzu na san da wa nake faɗa.

Sauran abubuwan da take nunawa kai tsaye suma sun min amfani. Zafin ruwa yana tsayawa wajen digiri 88, kenan tamostat ɗina yana nan ba a cire ba, kuma wannan yana da muhimmanci dan motar nan in ruwanta bai yi zafi ba ma bata yarda ta shiga giyar ƙarshe, ga shi mu nan an mayar da cire tamostat kamar al'ada. Gyaran man da birenbos ke yi, wanda manhajar ke kira fuel trim, bai wuce 5 cikin ɗari ba a kowane ɓari. Da famfo ne baya turo mai ko iska ce ke shiga ta wani tiyo da ya tsage da gyaran ya haura sosai, ƙila ma P0171 ko P0174, lambobin da ke nuna mai ya yi wa injin kaɗan, su fito. Kenan tsohon famfona da ke kwance a but har yanzu ba shi da laifin komai.

Amma fa ga inda nake so mutane su gane, sikana bata ce senso ya mutu ba, cewa tayi layinsa. Na kai wa wani rewaya dattijo da aka min kwatancensa, na nuna masa wayar, ya gyaɗa kai yace Alhaji wannan ciwon na san shi, Lexus RX300 ma haka take yi dan injinsu ɗaya. Ya gaya min akwai hanyar arha, a haɗe wayar senso mai lafiyar ta ciyar da duka biyun a bakin birenbos, lamba zata ɓace mota ta dawo da ƙarfi, amma yace shi baya so dan ɓari ɗaya zai zauna babu mai sauraronsa, ga irin man da muke sha wani lokacin. Nace Baba ayi mai kyan. Aikin ba ƙarami bane dan sensojin suna can tsakiyar injin ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke kai iska cikin injin, sai an zubar da ruwan lagireto an kwance saman duka. Ina tsaye ya ɗago ƴar wayar da ke haɗa su, bata fi kamu ɗaya da ɗan wani abu ba, yana lanƙwasa ta robar jikinta ta dinga ɓarɓashewa a tafin hannunsa kamar busasshen ƙuli, soket ɗin ma ya rabe biyu. Shekara ashirin da wani abu tana gasuwa a wurin. Muka je Kofar Ruwa muka samo waya da sensoji biyu, yace tunda an buɗe a canza gasket da wani ɗan tiyon ruwa da ke kwance a wurin dan kar wata uku a sake kwancewa saboda shi. Yini guda aikin ya ci.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba game da na'urar suma zan faɗa. Yawancin na kasuwa kwaikwayo ne ba na asali ba, wadda na fara siya ma ƙin magana tayi da motata sam duk da ta yi aiki a motar maƙocina wadda ta fi tawa sabunta, sai da na mayar aka canza min. Dan haka in zaka siya kaje da motarka a gwada a gabanka. Tana da jinkiri a tsofaffin motoci, lambobin suna tafiya da ɗan tsaiko. Da manhajar da na sauke injin kawai take karantawa, ABS da jakar iska bata ganinsu. Irin tawa Android kawai take kamawa, mai iPhone sai ya nemi ta WiFi ko wadda aka rubuta tana yi da shi. Komai na manhajar da turanci ne, da ba dan ƙanina ba da sai na sha wuya ranar farko. Sannan kar a bar ta a soke in za a ajiye mota kwanaki, soket ɗin kullum da wuta ko an zare makulli, tana jan batir a hankali. Kuma goge lamba ba gyara bane, naga masu gogewa suna karɓar kuɗi suna cewa sun saita kwamfuta.

In maki zan bata zan bata 8 cikin 10, biyun na cire ne saboda ta farkon nan da ta ƙi aiki da kuma jinkirin. Satin da ya wuce na sake bin hanyar Zariya, gudun 100 allura tana zaune a 2,500, na wuce tireloli biyu a jere ban ko taka rabin totur ba. Na sa an mayar min da ƙwan cek injin ɗin ma, ita kuma ƴar shuɗiyar tana cikin aljihun gaban mota tare da takardu.