Metanol da etanol: inda rabe-raben haɗarinsu suka haɗu da inda suka rabu

Malama, tambayar da kika kawo wa wannan zaure ita ce: kina haɗa turaren fesawa da na ɗaki, kin saba tsinka man turare da etanol, sai mai sayar miki da kaya ya ce ki koma metanol domin ya fi araha, kuma a cewarsa duk sifirit ne, ƙamshinsu ɗaya, aikinsu ɗaya. Abin da ya tsayar da ke shi ne duron metanol ɗin yana ɗauke da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, alhali na etanol harshen wuta kawai kika gani a jikinsa. Tsayawar da kika yi daidai ce. A wajen gobara waɗannan sinadarai biyu Hassan da Hussaini ne, amma a cikin jikin ɗan Adam ko hanya ba su haɗa ba.

Alamomin da kika gani sun fito ne daga tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba sinadarai da yi musu lakabi, wanda ake kira GHS, da aka fara wallafawa a 2003, Tarayyar Turai kuma ta mayar da shi doka a 2008. Tsarin ya raba haɗari gida uku: wanda ke tasowa daga halin sinadarin kansa, kamar kamawa da wuta da fashewa, sai wanda ya shafi lafiya, sai wanda ya shafi muhalli. A cikin kowane gida akwai rukuni-rukuni, kuma ƙaramar lamba ita ce mafi tsanani, wato rukuni na 1 ya fi na 3 muni.

A gidan farko, abin da ake aunawa shi ne mafi ƙarancin zafin da ruwa zai fitar da tururin da zai iya kamawa idan tartsatsi ya same shi. Na metanol yana wajen digiri 11 a ma'aunin Selshiyos, na etanol kuma wajen digiri 13. Ƙa'idar ta ce duk ruwan da wannan mizani nasa ya gaza digiri 23, kuma yake tafasa a sama da digiri 35, yana rukuni na 2. Metanol yana tafasa a wajen digiri 65, etanol a wajen digiri 78, saboda haka dukansu suka faɗa rukuni na 2, da lambar gargaɗi guda, H225, mai nufin ruwa da tururi masu saurin kamawa da wuta ƙwarai. A ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40, kuma ko a tsakiyar hunturu da wuya cikin ɗaki ya sauka zuwa digiri 13, ma'anar wannan ita ce duk lokacin da kika buɗe jarka, ko ta wanne ce a cikinsu, akwai tururi a bakinta da ke jiran ashana.

Bambancin da ke tsakaninsu a nan ƙarami ne, amma bai kamata a tsallake shi ba. Tururin etanol yana kamawa idan yawansa a cikin iska ya kai kashi 3.3 zuwa 19 cikin ɗari, na metanol kuwa daga wajen kashi 6 har zuwa 36, fili mai faɗi sosai. Metanol ya fi saurin ƙafewa, domin matsin tururinsa ya ninka na etanol sau biyu da ɗoriya. Dukansu biyu iskar da ke saman ruwa a cikin duro takan kasance cikin yanayin da zai iya fashewa a zafin ɗaki na yau da kullum, shi ya sa duron da ake ganin babu komai a ciki ba a yanka shi, ba a yi masa walda. Abin da ya fi tayar mini da hankali game da metanol shi ne harshen wutarsa shuɗi ne garai-garai, ba hayaƙi, kusan ba a ganinsa da rana, har mutum kan iya tunkarar wutar bai sani ba sai zafi ya dake shi. Ga mai haɗa turare wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin sau da yawa ɗakin da ake tsinka turaren fesawa nan ne kaskon turaren wuta yake da garwashinsa. Tururin kowannensu ya ɗan fi iska nauyi, yana iya bin ƙasa ya je ya tarar da garwashin. Idan gobara ta tashi, kumfar kashe wuta ta gama-gari narkewa take yi a kansu, sai dai kumfa ta musamman mai jure sifirit, ko hodar kashe wuta, ko iskar kabon dayoksaid.

A gida na biyu ne hanya ta rabu. A jerin da Tarayyar Turai ta tsayar a hukumance, etanol ba shi da komai sai H225, ko da yake kamfanoni da yawa suna ƙara masa H319, wato yana fusata ido sosai, tare da alamar motsin rai. Metanol kuwa yana ɗauke da rukuni na 3 na guba mai saurin illa ta hanyoyi uku a lokaci guda: H301 idan an haɗiye, H311 idan ya taɓa fata, H331 idan an shaƙa. Waɗannan ne suka jawo hoton ƙoƙon kai. Sannan akwai H370, rukuni na 1 na lalata wata gaɓa daga haɗuwa guda tak, wanda alamarsa ita ce hoton mutum mai tsagewar tauraro a ƙirji, kuma gaɓoɓin da ake nufi su ne jijiyar gani da ƙwaƙwalwa. Ki sake duba duron, mai yiwuwa za ki tarar da alamu uku ne a jere. Ko a ƙa'idar sufuri haka abin yake: lambar sufurin etanol UN 1170 ce, aji na 3 na ruwa mai kamawa da wuta, metanol kuma UN 1230, aji na 3 tare da ƙarin aji na 6.1 na guba.

Akwai wani abu a cikin wannan rarrabawa da nake so kowane ɗan zauren nan ya fahimta, domin shi ne yake ruɗar har da waɗanda suka yi karatu. A al'ada ana sanya sinadari a rukunin guba ne bisa adadin da ke kashe rabin ɓerayen gwaji. Rukuni na 3 ta baki shi ne daga miligiram 50 zuwa 300 a kowane kilo na nauyin jiki. To, adadin metanol da ke kashe rabin ɓeraye yana wajen miligiram 5,600 a kowane kilo, na etanol kuma wajen 7,000, lambobi biyu maƙwabtan juna, kuma dukansu sun yi nisa da iyakar rukuni na 3. Da ɓera kaɗai aka bi, da metanol bai sami hoton ƙoƙon kai ba sam. An sanya shi a wannan rukuni ne saboda abin da aka gani a jikin mutane, kuma tsarin da kansa ya yarda a fifita hujjar da ta fito daga mutane a kan ta dabbobi.

Dalilin yana cikin hanta. Sinadarin narkarwa guda ne yake karɓar su biyun, amma etanol yana komawa asitaldehaid, sannan asid ɗin asetik, irin wanda ke cikin binega, wanda jiki ya san yadda zai ƙona shi. Metanol yana komawa fomaldehaid, sannan asid ɗin fomik. Ɓera yana kawar da wannan asid da sauri, mutum da biri kuwa a hankali suke kawar da shi, sai ya taru, jini ya yi tsami, ƙwayoyin halitta su kasa amfani da iskar numfashi, kuma jijiyar gani tana cikin na farko da ke lalacewa. Saboda sai hanta ta gama wannan aiki illar take bayyana, mutum yakan yi awa 12 zuwa 24 ba shi da wani abu sai ɗan jiri, daga nan ciwon kai da amai da ciwon ciki da haki su zo, gani ya dusashe kamar ana kallon ƙura ko hazo. Kimanin mililita 10 na tsantsar metanol, cokalin shayi biyu ke nan, na iya makantar da babban mutum, mililita 30 kuma na iya kisa. Ba labarin nesa ba ne: a 2015 an rasa gomman rayuka a jihohin Ondo da Ribas sanadiyyar barasar gargajiya da ta gurɓata da metanol, kuma a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi kan man tsabtace hannu da aka rubuta etanol a jikinsa, gwaji kuma ya nuna metanol ne a ciki.

Za ki iya cewa ai ba wanda zai sha turare. Gaskiya ne a mafi yawan lokuta, ban da ƙaramin yaro da kwalba mai ƙamshi ta faɗa hannunsa. Amma H311 da H331 ba maganar sha suke yi ba. Iyakar da hukumar kare ma'aikata ta Amurka ta sa wa tururin etanol a wurin aiki na awa takwas ita ce kashi 1,000 cikin miliyan, ta metanol kuwa 200 ce, kuma masana lafiyar ma'aikata suna ƙara masa alamar cewa yana ratsa fata. Hanci ba ya yin gargaɗi da wuri, domin kafin a ji warinsa sosai yawanci an riga an wuce iyaka. Wadda ta fi kowa shiga haɗarin ita ce ke da kike zuba lita-lita a rufaffen ɗaki kullum, tare da yaran da ke taya ki cika kwalabe. Siririyar safar hannu ta roba ba ta tsare shi na dogon lokaci, sai irin ta butil, kuma takunkumin da ke tace tururin fenti da tina ba ya riƙe metanol yadda ya kamata.

Na san akwai masu guje wa etanol saboda alaƙarsa da giya, suna ganin metanol ya fi tsarki. Hukuncin wannan na malamai ne, kuma a wurinsu ya kamata a nemi fatawa. Abin da zan faɗa a matsayina kawai shi ne wanda ya ƙyamaci etanol yana da mafita a turaren mai zalla wanda babu sifirit a cikinsa, amma metanol ba mafita ba ne. Kada kuma a ɗauka ina wanke etanol: hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya shi, idan yana cikin abin sha, a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. Maganarmu a nan ta abin da ake fesawa a jiki da tufafi ce.

Saura batun gauraye, wanda shi ne ainihin tarkon kasuwa. Ana zuba wa etanol na masana'antu ɗan metanol da gangan domin a hana shan sa, kuma dokar kayan kwalliya ta Tarayyar Turai ta yarda da metanol ta wannan fuska kaɗai, bai wuce kashi 5 cikin ɗari na etanol ɗin ba. A rarrabawar sinadarai ta Tarayyar, gaurayen da metanol ya kai kashi 3 zuwa ƙasa da 10 yana ɗaukar H371, wato yana iya lalata gaɓa, daga kashi 10 zuwa sama kuma H370 cikakkiya. Turaren da aka tsinka da metanol zalla ya ninka wannan iyaka sau da yawa, wato a ƙa'ida kwalbar da za ki miƙa wa mai saye ta cancanci alamar H370 ita ma, har da hoton ƙoƙon kai.

Ido da hanci ba sa rarrabe su, saboda haka kada ki karɓi jarkar da aka ɗura daga duron da ba ki gani ba. Ki nemi takardar bayanan kariya, wadda ake kira SDS, mai sashe 16: sashe na 2 yana nuna rukunan haɗari, na 3 yana faɗin abin da ke ciki da yawansa. Lambar rajistar CAS, wadda ke bambanta kowane sinadari da ɗan'uwansa, ta etanol ita ce 64-17-5, ta metanol 67-56-1. Idan kuma wani ya riga ya sha, ko aka yi zargin haka, a kai shi asibiti nan take ko da yana tafiya da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau, kada a sa shi amai, kada a tsaya ba shi madara ko manja, a tafi da kwalbar a faɗa wa likita kalmar metanol ƙarara. Maganin da ake bayarwa, fomefizol ko etanol da aka auna a ƙarƙashin kulawar likita, aikinsa shi ne tare hanta kafin ta sarrafa gubar, wani lokaci a haɗa da wankin jini, kuma yana da amfani ne sosai a cikin waɗannan awannin farko da mara lafiya yake ganin babu abin da ya same shi.