Hattara da masu "pilin" ɗin fuska (ɓare fata da asid) a WhatsApp: su ƙona ki, su sayar miki da maganin ƙunar

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata, musamman na cikin birnin Kano da kewaye.

Na daɗe ina kokawa da zuciyata kan in rubuta wannan ko in bar wa cikina, domin fuskar ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba ta son a san ita ce. Jiya da daddare da kanta ta kira ni ta ce, "Yaya, ki rubuta, in dai ba za ki kama sunana ba." Wani abu ta gani da ya sa ta sauya shawara, zan zo kansa.

Sunan matar da ta cuce ta ma ba zan faɗa ba, don ko na faɗa aikin banza ne. Cikin wata takwas sau uku tana sauya suna da lambar waya. Salon damfarar ne ba ya sauyawa, kuma ba ita kaɗai ke cin abinci da shi a garin nan ba.

Ƙanwata tana da ƙurajen fuska tun tana sakandare, irin waɗanda ke fitowa a haɓa da kumatu idan al'ada ta matso, su tafi su bar ɗan baƙin tabo. Hoda ma rufe su take. Sai aka sa ranar bikinta, saura wata uku. Kun dai san amarya a Kano, kowa likitanta ne: wannan ta ce dilka, waccan ta ce kurkur da madara, wata ta ce ai yanzu an wuce nan. Wata ƙawarta ta jefa ta cikin wani guruf na gyaran jiki. Mai guruf ɗin, da kowa ke kira Anti, kullum cikin saka hotuna take, na "kafin" da na "bayan", da saƙon murya mai daɗi kamar ta shekara da saninki. Ba ta faɗin jimla biyu ba ta rantse ba. Kayanta na gargajiya ne zalla, babu bilicin, daga waje ake kawo mata, kwana bakwai tsohuwar fata ta saɓe kamar ta maciji, tabo ya tafi da ita.

Naira 28,000 ƙanwata ta tura. Sunan da ya fito a asusun na namiji ne, Anti ta ce na maigidanta ne. Shago kuwa babu, wai ana gyara. Wani yaro a adaidaita sahu ne ya miƙo mata leda a bakin titin Zoo Road. A ciki akwai 'yar kwalba kamar ta turaren ɗuri, da wani ruwa rawaya mai yauƙi. Babu sunan kamfani, babu jerin abin da ke ciki, babu ranar lalacewa, balle lambar NAFDAC. Umarnin ta murya ya zo: a shafa sau uku a rana har kwana uku, kuma kada ruwa ya taɓa fuskar.

Daren kwana na biyu ina gidan. Na leƙa ɗakinta wajen ƙarfe ɗaya na tarar da ita zaune a ƙasa, ta kafa fuskarta a gaban fanka mai caji, hawaye na zuba ba ta iya sharewa. Fatar ta ɗaure tam kamar fatar kalangu, gefen hancinta ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Bakinta ma da kyar yake buɗewa. Na ce ta tashi ta wanke, ta ce Anti ta hana. Ta kunna mini saƙon da aka turo mata minti goma da suka wuce: "Amaryarmu, haƙuri za ki yi, aiki yake yi. Dattin shekara da shekaru ne ke fita. In kika wanke kin yi asarar kuɗinki."

Ku riƙe wannan magana ta "datti ne ke fita". Duk abin da ya same ki, amsar kenan.

Ga inda ni ma nake da laifi. A kwana na biyar fatar ta fara ɓarewa, zuwa na takwas ta sauka duka. Abin da ya fito daga ƙasa fes, jajir, sumul kamar fatar jariri. Duk gidan muka hau masha Allah. Ni da na ce ta wanke, ni ce na fara tambayar ko za a samo mini kwalba ɗaya. Umma kaɗai ta kalle ta ta ce, "Wannan ba haske ba ne, ɗanyen nama ne." Muka ce Umma ba ta waye ba. A ranar Anti ta nemi a turo mata hoto, wai don ta duba yadda aiki ke tafiya.

Sai aka fita sayen anko a Kantin Kwari, cikin ranar bazarar nan da ke haura digiri 40. Ko mako biyu ba a rufa ba kumatu da goshi suka fara duhu. Ba ɗigo-ɗigon tabon da ba, faci-faci ne manya, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, da iyakarsu a fili daidai inda ruwan ya tsaya.

A nan ne ainihin kasuwar take, kuma a nan nake so ku buɗe ido. Kwalbar farko tarko ce kawai. Da ƙanwata ta tura hoton baƙin, Anti ko gezau. Ta ce ai laifinta ne da ba ta sayi "man gyara" ba, kowa da shi yake haɗawa. Naira 40,000. Wani farin haɗi ne a robar da ba rubutu, mai ƙamshin turare. Kuma ya yi aiki, abin haushin kenan. Cikin mako guda raɗaɗi ya kwanta, baƙin ya soma washewa. Bayan mako uku sai ƙuraje suka feso, ƙanana masu girma ɗaya kamar an watsa gero, a goshi, a kumatu, har wuya, wuraren da ba ta taɓa yin ƙurji ba a rayuwarta. Siraran jijiyoyi suka bayyana a gefen hanci. Amsar Anti? Datti ne ke fita, akwai sabulu da ruwan kashe ƙuraje, 22,000. Duk ranar da ƙanwata ta gwada barin man, fuskar sai ta ɗau zafi da ƙaiƙayi kamar an shafa barkono, dole ta koma. Garin neman gira ana shirin rasa ido, ga biki saura wata guda.

Ni na karɓi wayar na kira ta. Na ce, "Hajiya, don girman Allah ki faɗa mana me ke cikin man nan, asibiti za mu." Ta ce sirrin sana'a ne, kuma in muka je asibiti babu ruwanta. Kafin in ajiye wayar an cire ƙanwata daga guruf, an toshe mu duka biyu, saƙonninta na baya kuma ta bi ta goge waɗanda za su gogu.

Likitar fata da muka gani ba ta yi mamaki ba ko kaɗan, da alama ta gaji da ganin irinmu. Ta juya kwalbar ta ajiye, ta kalli fuskar da fitila, sannan ta yi mana bayanin da ya kamata a ce mun nema tun farko. Ɓare fata da asid aiki ne na gaske da likitocin fata ke yi, har don ƙuraje da tabo. Amma ƙuna ce ake yi da gangan, da awo. Ana sanin wane asid ne da ƙarfinsa, ko salicylic ko glycolic, a shafa na 'yan mintoci likita na tsaye yana kallon fatar, sannan a wanke ko a kashe ƙarfinsa, a ba da tazarar makonni kafin a sake. Masu ƙarfi irin su TCA suna nutsawa cikin fata, kuma da su ake taka-tsantsan a kan baƙar fata irin tamu. Dalili kuwa, fatarmu duk inda ta ji ciwo, ko ƙurji ne ko ƙuna, ƙwayoyin da ke yin launi sai su zubo da melanin fiye da kima a wurin. Abin da ke sa ƙurji ya bar tabo kenan tun asali. To wadda ta ƙona fuska duka don ta cire tabo goma, ta kuma shiga rana ba kariya, ta yi wa kanta tabo ɗaya mai faɗin fuska. Ko a Amurka, hukumarsu ta kula da abinci da magunguna, FDA, ta fitar da gargaɗi a watan Yulin 2024 cewa kada mutane su sayi irin waɗannan asid masu ƙarfi su shafa ba tare da kulawar ƙwararre ba. Mu a nan sau uku a rana ake ce mana, kada ruwa ya taɓa.

Man gyaran kuwa, ta ce duk alamunsa na sitiroyid ne mai ƙarfi, irin wanda za ku ga an rubuta clobetasol ko betamethasone a jikin kwalin wasu mayukan kemis. Magani ne na gaske ga wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci, da izinin likita. Yana kwantar da kumburi nan take, yana kuma ɗashe fata, shi ya sa ake ganin kamar an warke. In aka daɗe ana shafa shi a fuska sai ya sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi, ya haifar da ƙurajensa na kansa, a jiki kuma ya kawo nankarwa. In aka bari fuska ta yi bore, mai shafawa ta koma saye. Masu haɗi sukan zuba hydroquinone a ciki, wanda NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, kuma in aka shekara ana lafta mai ƙarfinsa yakan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ke da wuyar magani. Wasu har da sinadarin mercury, mai lalata ƙoda. A nan Kano ne ma, a watan Fabrairun 2023, shugabar NAFDAC Farfesa Mojisola Adeyeye ta bayyana mayukan bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa ga ƙasa baki ɗaya. Da yawanmu mun ji a rediyo muka ce ai da masu bilicin ake. Ƙanwata har ga Allah ba ta ɗauki kanta mai bilicin ba, tabo take nema ya tafi.

Abin da likita ta ɗora ta a kai ba shi da wani armashi, shi ya sa ba ya sayuwa a guruf. Da farko aka raba ta da man a hankali, aka hana ta sabulun salo, goge-goge, lemon tsami, dilka da halawa a fuska. Wanki da abu mai laushi sau biyu a rana, man da ba turare, sai man kare rana mai lamba 50 kullum da safe, a sake shafawa in za a daɗe a waje, ko da hadari. Sai da fatar ta huce sannan aka shiga maganin ƙurajen. Da ta ji amarya ce, sai da ta tsaya ta yi maganar juna biyu, domin magungunan ƙuraje irin su tretinoin da adapalene da ƙwayar doxycycline ba a ba mai ciki, isotretinoin kuwa yana nakasa jariri a ciki. Ta zaɓa mata azelaic acid, mai taɓa ƙuraje da tabo a tare. Wace Anti ce ta taɓa tambayar wata ko tana da ciki kafin ta miƙa mata roba? Likitar ta kuma faɗa mana gaskiyar lokaci: ƙuraje sai an yi wata biyu zuwa uku ana magani kafin a ga canji sosai, baƙin da ke sama-sama wata shida zuwa shekara, wanda ya nutsa kuwa ya fi haka.

An yi biki. Mai kwalliya ta yi awa biyu a kan fuskar ranar kamu, hotuna sun yi kyau, amarya ta yi kuka fiye da na al'ada.

In kin riga kin shafa kuma kina jin zafin da ya wuce ɗan tsikari, kada ki jira izinin kowa. Ki sa fuskar a ruwa mai tsafta yana zuba, minti 20, ba ƙanƙara ba. Kada ki sa man goge baki, ko ƙwai, ko kanwa wai don ta kashe asid. Kada ki ɓare fatar da hannu in ta fara tashi. Ki ɗauki kwalbar da robar ki tafi asibiti da su. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin fata na Bela da iyayenmu suka sani tun da. Layin da za ki bi da kuɗin kati ba su kai rabin 90,000 da muka zubar ba. Ki kuma adana shaidar tura kuɗi, ki ɗauki hoton hirarku, ki tura saƙonnin muryarta zuwa wata wayar tun kafin ki nuna mata kin farga, don da su za ki je ofishin NAFDAC ko hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta jiha. Mu mun yi sakaci, saƙo biyu kacal muka tsira da su.

Yanzu wata takwas kenan. Ƙurajen sun kwanta, goshin ya kusa komawa daidai, kumatun hagu ne har yanzu da sauran inuwa, kuma ba ta fita ko ƙofar gida ba ta shafa man kare rana ba.

Abin da ta gani jiya kuwa, wata 'yar ajinsu ce ta turo mata tallar wani sabon shafi tana tambayar ko ta san mai shi. Sabon suna, sabuwar lamba, kuɗin kwalba ya koma 35,000. Hoton "bayan" da ke sama, an rufe idanun da 'yar fulawa, amma ga labulen ɗakin Umma nan a baya. Hoton kwana na takwas ne, wanda aka ce a turo don a duba aiki. A ƙasansa an rubuta "kwana bakwai kacal, babu bilicin". Da na ƙirga da safen nan, mata goma sha ɗaya sun tambayi yadda za su tura kuɗi.