Rust a kan laftof ɗin tokumbo: ya cancanci yabon, amma a tanadi data

Rust, yaren rubuta manhaja, dai ya sha yabo. Tun 2016 yake zuwa kan gaba a jerin yarukan da masu rubuta manhaja suka fi so a ƙuri'ar Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu wannan sana'a. A 2021 Amazon, Google, Huawei, Microsoft da Mozilla suka kafa masa gidauniya, a Disamban 2022 kuma ya shiga cikin Linux 6.1, wato ƙashin bayan babbar manhajar Linux mai sarrafa kwamfuta. Kyauta ne, lambobinsa a buɗe suke ga kowa. Amma abin da ya dami matasanmu na Agege da Idi-Araba shi ne ko zai tashi a kan tokumbon da aka sayo a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas.

Zai tashi, sai dai mai Windows tun a ƙofa yake tuntuɓe. Shi rustup, manhajar da ke saka Rust a na'ura, ƙarami ne, amma yana neman Visual Studio Build Tools, kayan harhaɗa manhaja na Microsoft, wanda ke lashe gigabait da yawa. Wanda ya tsallake shi zai ci karo da kuskuren link.exe. Mai ƙarancin data ya koma sigar GNU, wadda ba ta buƙatarsa, da umarnin rustup default stable-x86_64-pc-windows-gnu.

RAM mai 4GB wahala ce zalla, don rust-analyzer, mataimakin da ke duba lambobi yayin rubutu, kaɗai zai shaƙe na'urar. A nemi 8GB. Ginin manhaja na farko yana ɗaukar lokaci, saboda sai an harhaɗa kowane crate, wato ƙunshin lambobin da manhajar ta dogara da shi, daga tushe. Sauƙin abin, in an ɗauke wuta batir ya mutu, cargo, kayan aikin da ke ginin, ba ya maimaita waɗanda ya gama. Yayin rubutu a riƙa amfani da cargo check, ya fi sauri. In an samu intanet mai kyau a yi cargo fetch don sauko da crate ɗin, a gida sai a ƙara --offline. Jakar target, inda ake ajiye abin da aka gina, kuwa kumbura take kamar an zuba mata yis. Cargo clean ne maganinta.

Ainihin darajar yaren tana wurin da ya fi ba sabon shiga haushi. Kowace ƙima mai ita ɗaya ne. Ka miƙa String, wato rubutu, ga wani aiki (function), ka dawo za ka taɓa shi, sai saƙon kuskure E0382 ya tare ka. Ko dai ka ba da aro da alamar &, ko ka kwafa da clone. Kuskuren da a yaren C sai manhaja ta faɗi a hannun kwastoma ake gano shi, a nan tun kafin ta tashi ake kama shi, har da nuna layin.

Mai neman aikin gaggawa a Yaba dai ya fara da JavaScript ko Python. Guraben Rust a Legas ba su kai nasu ba tukuna.