Waya ko laptop ta hannu don rubutun haɗaka?

Wa'alaikumus salam Anti. Kin tambaya ko waya za ki saya ko laptop ta hannu don rubuta littafi tare da wasu marubuta. Ki sayi sabuwar wayar Android, canjin da ya rage ki zuba a data.

Da waya muka kammala littafinmu mu uku, ɗaya tana Zariya, ɗaya tana Maraɗi, ni ina Kano. Fayil guda muka buɗe a Google Docs, manhajar rubutu ta intanet, kowacce da jarumar da take riƙe da ita. Da daddare in yara sun yi barci sai in shiga in tarar ta Maraɗi tana ɗora babi, ina ganin kalmominta suna fitowa, ina bin ta a baya ina ajiye mata sharhi a gefe. Ranar da ta kashe mana mahaifiyar jarumata ba shawara, a gefen shafin nan muka yi ta muhawara har kiran sallar asuba, kuma wallahi babin ya fi kowanne taɓa masu karatu. Ko babu data kina iya rubutu, in kin hau intanet ya haɗe da na sauran. Ki saka Hausa a Gboard, wato kibod ɗin waya na Google, don ki samu ɓ, ɗ da ƙ. Mu sai da muka daidaita tun farko, domin ita a Nijar ƴ take rubutawa, mu kuma 'y.

Kada dai ku riƙa ƙirƙirar labarin a cikin zauren WhatsApp. Minti 15 kawai ake ba ki na gyara saƙo, bayan haka kuskuren ya zauna, ga hira ta binne babi. Can wurin sakin labari ne ga masu karatu, shi da Wattpad, manhajar karanta labarai. Kuma ku ajiye kwafinku a hannu, kin ga yadda aka rufe OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet, a 2023.

Laptop ta hannu kam ina da ita. Tana da daɗin bugawa in akwai wuta, in an ɗauke ba ta kai awa guda. Sai ranar tsara littafi don kai wa maɗaba'a nake tunawa da ita.

Ki nemi waya mai batir 5000mAh da RAM (ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita) 4GB zuwa sama, da faffadan gilashi. In yatsunki na gajiya, ƙaramin kibod na Bluetooth ya wadatar.

Ki yi hattara da wasu masu shago. Za a ce miki RAM 8GB, alhali 4 ne na gaske, sauran 4 aro ne daga ma'ajiyar wayar. Wasu kuma tsohuwa suke gogewa su mayar kwali su liƙe. Ki danna *#06# a gabansa, lambar IMEI da ta fito, wato lambar shaidar wayar, ta yi daidai da ta jikin kwali, ya rubuta ta a rasit kafin ki tura kuɗi. In ya fara cewa sauri yake yi, ki wuce shago na gaba.